Hudajjen Liyari da Shafaffen Sule: Wanne Ya Cancanci Ajiya?

Masu tara tsofaffin kuɗin ƙarfe a Turai suna da wata ƙa'ida da suka daɗe a kanta, cewa kuɗin da aka huda, ko aka kankare, ko ya lanƙwashe, darajarsa ta zube, kada a saye shi sai in babu wani. Ga mai tarawa don ya sayar gaba, ƙa'idar tana da hujja. Amma wanda ke tarawa don nazarin tarihin ƙasar Hausa, in ya bi ta ido rufe, lalle zai zubar da shaidar da ya fito nema.

Mu ɗauki liyari, watau kuɗin azurfan nan mai hoton Sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya. Ta rasu cikin 1780, amma ba a daina buga kuɗin ba, kuma duk wanda aka buga bayan rasuwarta shekarar 1780 aka rubuta masa. An buga shi a Viyana, daga baya aka buga a Rum da Landan da Bombai. Nauyinsa giram 28 da 'yan kai. Sa'ad da Barth ya zo Kano cikin 1851 ya tarar ana canza shi wuri 2,500. To, liyarin da ya fito sumul, ba tabo ba ƙwarzane, me zai gaya mana? Shekarar da ke jikinsa ba ta aikinsa ba ce, kuma mai yiwuwa ne bai taɓa ƙetare Sahara ba. Wanda kuwa maƙerin fari ya huda, ko ya liƙa masa kunne don mace ta rataya a wuya, ramin nan da ya faɗaɗa saboda gogar zare shi ne ke nuna cewa kuɗin ya zauna a hannun mutane, har ya tashi daga abin ciniki ya koma kayan ado da ajiyar dukiya. A ganina irin wannan ya fi cancantar shiga gidan kayan tarihi, muddin an rubuta garin da aka samo shi da hannun da ya fito. In ba a rubuta ba, rabin amfaninsa ya tafi.

Sai dai a kula, ba kowane rami ne aibi ba. Kwabo da anini da Ingilishi suka fara bugo wa ƙasar nan cikin 1907 da raminsu suka zo, don a iya shirya su a zare. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, bai jure ba, ya riƙa cinyewa, sai cikin 1908 aka sauya ƙarfen. Saboda haka wanda ya ce ba zai sayi aninin alminiyam ba sai mai ƙyalli, zai daɗe yana jira, kuma cinyewar nan ita ce dalilin da ya sa aka bar bugawa.

Akwai kuma aibin da kuɗi ke fitowa da shi tun daga gidan bugu. Sarki Edward na Takwas ya sauka daga gadon sarauta cikin Disamba 1936, duk da haka an sami kwabon Afirka ta Yamma mai shekarar 1945 ɗauke da sunansa, domin an haɗa tsohon hatimi da sabo bisa kuskure. Irin wannan 'yan kasuwa da kansu ke rububinsa, ba ya bukatar mai kare shi.

Sule shi ne mai wuyar sha'ani. Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa cikin 1912, ta fito da sulen azurfa mai hoton kwakwar manja cikin 1913. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko, aka koma tagulla cikin 1920, masu jabu kuwa suka sami ƙofa, har cikin 1938 aka sake fasalin bakin sulen don a toshe musu hanya. To, sulen da aka sare gefensa, mai yiwuwa wani ɗan kasuwa ne ya gwada shi don ya ga cikinsa, mai yiwuwa kuma yaro ne ya buga shi da dutse. Ba kullum ake iya rabewa ba. Wanda ya shafe har shekararsa ba ta karantuwa, kuma ba a san inda aka tsince shi ba, a bar shi, gama irinsa na nan da yawa.

Abin da ya kamata a guje shi ne gyaran da aka yi don a ruɗi mai saye: ramin da aka cike da dalma aka shafe, ko fuskar da aka goge da toka da lemon tsami har ta yi ƙyallin ƙarya. Gugar tana cin rubutun, tana kuma share ƙananan alamun da ake gane gidan bugu da su, kamar harafin H na gidan Heaton da KN na King's Norton, dukansu a Birmingham. In mai sayarwa ya kawo liyari biyu, ɗaya da raminsa a buɗe, ɗaya an toshe, a ɗauki mai buɗaɗɗen ramin, a biya kuɗin hudajje.