Lokacin da masu tallar imel suka ce za su tsawata wa kansu

A 1997 babu sunan da masu kula da hanyoyin intanet a Amurka suka tsana kamar na Sanford Wallace. Kamfaninsa, Cyber Promotions, da ke Philadelphia, yana watsa miliyoyin saƙonnin talla a kullum ga mutanen da ba su nema ba. Cinikin na da riba saboda dalili guda: aika saƙo kusan kyauta ne, nauyin kuwa yana kan mai karɓa da kamfanin da ke ba shi layi. A watan Fabrairun shekarar, wata kotun tarayya a Ohio ta hana Wallace aika wa abokan cinikin CompuServe saƙo.

Da ƙofofi suka fara rufewa, sai AGIS, kamfanin da ke ba Wallace layi, ya haɗa masu wannan sana'a suka kafa majalisar tsawata wa kansu, IEMMC. Babban alkawarinsu shi ne kundi guda: wanda ba ya son talla ya shigar da adireshinsa, mambobi su daina damunsa.

A nan gizo ke saƙar. Tsarin ya ɗauka cewa kowa ya yarda har sai ya ce a'a, alhali masu adawa na cewa kada a aika sai ga wanda ya nema. Kundin bai ɗaure kowa ba sai mambobi. Kuma mutum ya miƙa adireshinsa ga masu farautar adireshi, ai ba kura ajiyar nama ne. Jama'a da dama sun ƙi, kuma da gaskiyarsu. Kafin shekarar ta ƙare AGIS ta yanke layin Wallace, majalisar ta watse.

Abin da ya ciji masu tallar daga wani ɓangare ya fito. Paul Vixie da Dave Rand sun buɗe MAPS, jerin hanyoyin da saƙonnin banza ke fitowa, duk kamfanin da ya ga dama ya toshe su. A 1998 Steve Linford ya kafa Spamhaus a Landan. Babu gwamnatin da ta ba su iko, ga shi wanda aka saka bisa kuskure ba shi da alƙalin da zai kai wa kuka cikin sauƙi. MAPS ta sha ƙara a kotu.

Dokar CAN-SPAM da Shugaba Bush ya sa wa hannu a Disamban 2003 ta zaɓi tsarin da masu talla suke so, har ta danne dokar Kalifoniya wadda ta fi ta tsauri. A Janairun 2004 Bill Gates ya ce za a gama da matsalar cikin shekara biyu.

Shekara ashirin bayan nan, a Fabrairun 2024, Google da Yahoo suka gindaya nasu sharuɗɗan. Mai aika saƙo 5,000 a rana zuwa Gmail dole ya tabbatar da ko shi wane ne, ya sa hanyar ficewa da dannawa ɗaya, kuma ƙorafin masu karɓa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari.