Tarihin Kwali Mai Ɗaki-Ɗaki

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ɗan tireda ne. A shekarun 1980 yana da ɗan shago a bakin kasuwar garinmu, kuma cikin kayan da yake sarowa daga Kano akwai ƙwan fitila. Yaran yanzu da suka tashi da tocila mai caji da hasken waya ba lallai ne su san shi ba. Gilashi ne mai tumbi da ake kifawa a kan lagwanin fitilar kananzir don kada iska ta kashe wutar. Yana zuwa ne a cikin katan, an raba cikin katan ɗin ɗaki-ɗaki da wasu fallayen kwali da aka sarƙe da juna, kowane ƙwai da ɗakinsa.

Ni kuwa a lokacin babu abin da ke tsone mini ido kamar waɗannan fallayen, domin sun fi kowane kwali daɗin yanka idan za a yi motar wasa. Wata rana, ana gobe kasuwar wani ƙauye da Baba ke ci, sai na faki idon mutane na zare su, na mayar da ƙwayayen cikin katan na rufe kamar ba a taɓa ba. Da asuba ya ɗaure katan a bayan keke ya kama hanya. Da ya isa ya buɗe, cikin goma sha biyu biyar ne kawai suka tsira.

Bai dake ni ba, kuma da ya dake ni da na fi saurin mantawa. Zaunar da ni ya yi bayan sallar isha, ya lissafa mini ribar da ke kan ƙwai ɗaya, da yawan ƙwayayen da sai ya sayar kafin ya mayar da kuɗin guda ɗaya da ya fashe. Sannan ya ɗauko motata ya juya ta a hannunsa ya ce, "Ka ga wannan kwalin da ka raina? Shi ke riƙe da cefanen gidan nan."

Shekaru masu yawa bayan haka na shiga bin diddigin waɗanda suka fara tunanin wannan abu. Abin da ya ba ni dariya shi ne, tarihin nasa ya rataya ne a kan abubuwa biyu da Bahaushe ya ba suna ɗaya, wato ƙwan fitila da ƙwan kaza.

Kafin kwali, dabarar ɗan Adam a ko'ina kusan iri ɗaya ce: a binne abu mai fashewa cikin abu mai laushi. A wajenmu mai ƙwan zabi takan jera su cikin ƙaiƙayi a ƙwarya, mai tukwane yakan cusa ciyawa a tsakaninsu kafin ya ɗora wa jaki. A Turai da Amurka ma haka abin yake, sai dai su akwatin katako ko gangar itace suke cikawa da bambaro ko dusar katako. Dabarar tana aiki, amma tana da illoli. Akwatin yana da nauyi, kuma a kan nauyi ake biyan kuɗin dako. Sannan idan tafiya ta yi nisa, jijjiga takan sa dusar ta kwanta a ƙasa, kayan da ke sama su tsiraita su fara gogar juna.

Mataki na farko ba shi da alaƙa da dako ko kaɗan. A shekarar 1856 wasu mutum biyu a Ingila, Edward Healey da Edward Allen, suka yi rajistar mallakar wata takarda da aka lanƙwasa tudu da kwari, kamar kwanon rufi ko kunyoyin gona. Amfaninta a lokacin shi ne a liƙa ta cikin doguwar malfar nan da manyan Turawa ke sawa. Shekara goma sha biyar takardar ta yi a cikin hula kafin wani ya ga tana iya wani aikin.

A tsakanin nan duniya ta sauya. A 1859 aka haƙa rijiyar man fetur a Titusville da ke jihar Pennsylvania a Amurka, kananzir ya yi araha, fitila ta shiga gidajen talakawa. Kowace fitila tana buƙatar gilashi, gilashin kuma siriri ne, sai an ɗauko shi daga masana'anta zuwa garuruwa masu nisa a jirgin ƙasa da keken doki. A 1871 wani mutumin New York mai suna Albert Jones ya yi rajistar amfani da takarda mai kunyoyi wajen naɗe kwalabe da gilashin fitila. Tasa takardar tsurarta take, don haka idan aka ja ta sai kunyoyin su miƙe. A 1874 Oliver Long ya gyara wannan ta hanyar manna mata shimfiɗaɗɗiyar takarda, daga baya kuma aka riƙa manna wa fuska biyu. Wannan shi ne kwalin da muka sani yau.

Mai karatu, idan akwai tsohon katan kusa da kai, yaga gefensa ka duba. Za ka ga takardu uku: biyu a miƙe, ɗaya a tsakiya tana hawa da sauka. Kowane lanƙwasa yana aiki ne kamar bakan gizo na ginin soro, yana karɓar nauyi ya rarraba shi gefe da gefe. Iskar da ke cikin ramukan kuma ita ce katifa. Idan aka tsayar da kwalin yadda ramukan ke kallon sama, sai su zama ginshiƙai, shi ya sa ake iya jibga katan goma a kan juna na ƙasa bai durƙushe ba.

Mataki na gaba kuskure ne ya haife shi. Robert Gair haifaffen Sikotilan ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka yana yaro, ya kafa sana'ar ɗab'i da yin jakunkunan takarda a New York. A 1879 ana cikin buga jakunkunan zuba iri sai wani sirin ƙarfe na injin ya goce daga mazauninsa, ya tsarge tarin jakunkuna kafin a ankara. Wani zai tsaya ne a kan hasarar. Shi kuwa Gair sai ya lura cewa idan aka jera ƙarfe mai kaifi a inda ake son yanka, da maras kaifi a inda ake son ninki, injin zai yi aikin biyu a bugu ɗaya. Kafin nan da hannu ake haɗa akwatin kwali, ɗaya bayan ɗaya, kuma a haɗe ake ajiye shi yana cin wuri. Daga nan aka samu kwalin da ake kai wa mai shi a shimfiɗe, ya ninke abinsa ran da yake buƙata. Tsagogin da ke jikin fallayen da na sace, waɗanda ke sa su shige cikin juna ba tare da gam ba, jikokin wannan kuskuren ne.

Su kuwa ɗakunan, masu ƙwan kaza ne suka fi matsa wa a yi su. Tun a 1867 wasu mutum biyu masu sunan Stevens a San Francisco suka yi rajistar akwatin dakon ƙwai mai shingaye a ciki, ana jera shi hawa-hawa da shimfiɗa a tsakani. Wannan tsarin ya zama ma'aunin ciniki a Amurka: akwati mai ɓangare biyu, kowane ɓangare hawa biyar, kowane hawa ƙwai 36, jimla 360 ke nan. Sai kuma labarin da ya fi shahara. A 1911, a kwarin Bulkley da ke yammacin Kanada, rigima ta haɗa wani manomi da mai masaukin baƙi a garin Aldermere, saboda ƙwan da manomin ke aikowa yana isowa a fashe, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Wani ɗan jarida a yankin, Joseph Coyle, ya ƙera ɗan akwatin takarda da kowane ƙwai ke zama a gurbinsa. Da hannu ya fara yi, daga baya ya ƙera injin yin sa. Ya rasu a 1972 yana da shekara 100. Kiret ɗin da muke sayen ƙwai da shi yau, mai gurbi 30, biyar sau shida, daga jiƙaƙƙiyar takarda ake zuba shi a zubi, amma tunanin ɗaya ne.

Kada mai karatu ya zaci da ganin kwali kowa ya rungume shi. An fara yin akwatin dako da shi a Amurka a tsakiyar shekarun 1890, amma kamfanonin jiragen ƙasa suka ƙi yarda da shi. Su ne ke biyan diyya idan kaya suka lalace, kuma wasunsu na cin riba daga dakon katako. Sai suka riƙa tsawwala kuɗi a kan kayan da aka zuba a kwali. Wani kamfanin yin kwali na Los Angeles mai suna Pridham ya kai ƙara gaban hukumar da ke kula da ciniki tsakanin jihohi, a 1914 kuma hukumar ta yanke cewa a daina wannan bambancin, amma a gindaya ƙa'idojin ƙarfin kwali. Hatimin nan mai da'ira da ake gani a gindin wasu katan, wanda ke faɗin nauyin da zai iya ɗauka, daga irin waɗannan ƙa'idojin ya samo asali. Ita ma takardar ta ƙara ƙarfi, albarkacin hanyar dafa itace da Bajamushe Carl Dahl ya yi wa rajista a 1884. Sunan takardar kraft, wato ƙarfi da Jamusanci, kuma ita ce mai ruwan ƙasar nan da ke jikin katan.

To me duk wannan tarihin ya koyar? Abin da na fahimta shi ne, ba faɗuwa ce kaɗai ke fasa kaya ba, mafi yawan lokaci maƙwabci ne. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Kwalba biyu da ke jingine da juna a bayan mota za su yi ta karo sau dubbai kafin a isa, kuma gilashi da ya sami ƙarzuwa ya riga ya yi rauni. Aikin shinge na farko shi ne hana wannan haɗuwar. Na biyu shi ne hana motsi, don haka ɗakin ya zama daidai jikin kayan. Idan ya yi yalwa kayan za su yi ta rawa a ciki, idan ya matse kuma duk bugun da ya sami bangon katan zai wuce kai tsaye zuwa gilashin. Na uku, shingen da tsayinsa ya kai murfi yana taimakon katan wajen ɗaukar nauyin abin da aka ɗora masa.

Lissafinsa ba wuya. Idan kana son ɗaki 12, uku sau huɗu, fallaye biyu dogaye da uku gajeru kake buƙata. Idan 24 ne, huɗu sau shida, uku da biyar. Ana tsaga kowane falle zuwa rabin tsayinsa, na tsaye daga sama, na kwance daga ƙasa, faɗin tsagar daidai kaurin kwalin, sai a sarƙe su. Kaurin ma iri-iri ne: mai lamba A ya kusa milimita 5, ya fi laushi, B wajen 3, C wajen 4. Harufan sun bi tsarin lokacin da aka ƙirƙiro su ne, ba girmansu ba. Abu mai nauyi a ƙasa, a sa shimfiɗa tsakanin hawa da hawa. Babban maƙiyin kwali kuwa shi ne laima. Katan da ya sha danshin damina yana iya rasa kusan rabin ƙarfinsa ko da ruwa bai taɓa shi ba, shi ya sa mai shago da ya san abin da yake yi ba ya ajiye shi a kan siminti sai ya ɗora a kan katako.

Bara aka yi bikin 'yar ƙanwata, za a kai kayan jere wani gari mai nisa, hanyar kuma duk ramuka. Na iske mata sun tara kofuna da tangaran a babban katan, suna cusa tsofaffin zannuwa a tsakani. Na ce su dakata. Na aika aka samo mini katan biyu na banza da reza, na zauna a tsakar gida ina aunawa ina yankawa, yara sun kewaye ni suna kallo, matan na ta yi mini tsiya wai kawu ya koma wasan yara. Kayan sun isa ko kofi ɗaya bai tsage ba.

Da na gama, wani ɗan yaro ya matso ya tambaye ni ko zan ba shi sauran kwalin ya yi mota. Na tattara guntayen da suka rage na ba shi, na kuma nuna masa waɗanda ke cikin katan ɗin, na ce waɗancan kada ya kuskura ya taɓa.