Daga Zauren 'Yandoto Zuwa Tashar Gusau: Tarihin Wasa Ƙwaƙwalwa a Ƙasar Zamfara

A shekarar 1929 aka kammala layin dogon da ya tashi daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda. Gyaɗa da auduga Turawa suka shimfiɗa shi ya kwasa, amma mutane ya fi kawowa. Ma'aikatan jirgi, akawun kamfanoni, teloli da 'yan tireda daga ƙasar Yarbawa da ta Ibo da ta Nufawa suka sauka, unguwar Sabon Gari ta cika ta batse. Kowa kuma ya zo da abin hirarsa. Bayarabe ya zo da allon ayo da kacici-kacicinsa da yake kira alo, mutumin Ibo ya zo da nasa da ake buɗewa da gwam gwam gwam, akawu ya zo da draf da jarida a hammata. Ko da suka iso, sun tarar da mutanen da suka daɗe suna ɗaure wa juna kai da tambaya don nishaɗi, a dandali da zaure da gindin bishiya.

Dandali ne makarantar farko. Bayan an ci tuwon dare, kafin a shiga tatsuniya, yara kan fara da kacici-kacici. Ƙulun ƙulufit? Gauta. Baba na ɗaka gemu na waje? Wuta da hayaƙi. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya? Tsintsiya. Iya ta zaga, baba ya zaga, ba su haɗu ba? Kunnuwa. Tsumagiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba? Yunwa. Duk amsoshin nan suna cikin gida ko bakin ƙofa, abubuwan da yaro ke gani kullum bai taɓa tsayawa ya dube su da kyau ba. Wanda ya ji na kunnuwa sau ɗaya, ya gane cewa abu biyu na iya zama a kai ɗaya har mutuwa ba su ga juna ba.

Ƙa'idar wasan ta fi tambayoyin burge ni. In an ƙure ka, ba za a faɗa maka amsa kyauta ba, sai ka ba da gari. Ka ce na ba ka Kano, mai tambaya ya ce ba ya so, ka ƙara da Katsina ko Sakkwato, har sai ya yarda ya ci garin, sannan ya warware. A nan yaron Tsafe da na Kwatarkwashi suka fara jin sunayen biranen da ba su taɓa takawa ba, a nan kuma suka koyi furta cewa sun kasa a gaban jama'a ba tare da fushi ko kuka ba. Akwai manya da yawa a yau da wannan darasi ya wuce su.

Manya kuwa dara ce tasu. Iri-iri ce, amma wadda ta fi cin ƙwaƙwalwa ita ce mai gida talatin, layi biyar na gurabu shida-shida, a haƙe a ƙasa. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsinkaye, wancan tsakuwa. Da farko a dasa su ɗaya bayan ɗaya, sannan a riƙa gusa su gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku a layi ya cire ɗan abokin wasansa guda. Jera huɗu ba ci ba ne. Gwanaye sun san tun wajen dashe ake cin wasa ko a faɗi, shi ya sa za ka ga dattijo ya riƙe tsinke ya yi shiru kamar mai yanke shari'a, 'yan kallo sun yi da'ira, kowa bakinsa na ƙaiƙayi. Dakarkarin ƙasar Zuru, maƙwabtan Zamfara ta kudu maso yamma, sun yi suna a wannan wasa har a littattafan Turawa masu nazarin wasannin duniya, a Nijar ma ana buga irinta.

Sai zaure, inda tarihin ya fi zurfi. 'Yandoto, wadda ke kusa da Tsafe, tsohuwar cibiyar malamai ce a kudancin ƙasar Katsina tun kafin jihadi. Saɓanin malamanta da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kai ga rundunar Muhammadu Bello ta ci garin wajen 1806. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu, shi ne ya kafa Gusau. Har yau sarkin Gusau Sarkin Katsina ake ce masa, na Tsafe kuma 'Yandoto. Ke nan ilimin zaurukan wannan yanki reshe ne na ilimin Katsina, Katsina kuwa ta fitar da mutumin da masana tarihin lissafi na duniya ke ambato har gobe: Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi.

Wannan malami ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, a 1732 ya rubuta littafi da Larabci wanda ya bayyana hanyoyin cika hatimi, ya rasu a can a 1741. Ga yadda hatimi yake a wajen mai hisabi. A zana gida tara, uku-uku, a zuba lambobi daga 1 zuwa 9 ba maimaici, ta yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. In gidajen biyar-biyar ne, lambobi daga 1 zuwa 25, kowane layi 65 zai bayar. Wanda ya ce zai cika wannan da cinke zai kwana bai gama ba. Alkashinawi ya shimfiɗa ƙa'idar takawa daga gida zuwa gida, wadda ke aiki ga duk hatimin da yawan layukansa mara ne. Gaskiya ne an fi rubuta hatimi don laya da neman asiri, malamai kuma sun daɗe suna jayayya a kan halaccin hakan. Lissafin da ke ƙarƙashinsa dai sahihi ne. Claudia Zaslavsky ta Amurka ta gabatar da aikinsa ga makarantun duniya a littafinta Africa Counts na 1973. Abin yana min ciwo in ga ɗalibin sakandare a Gusau yana cika gidajen sudoku, wasan da sai a 2004 jaridar Times ta Landan ta yayata shi, bai taɓa jin sunan Bakatsinen da ya riga shi zama gaban gidajen lamba da kusan shekara ɗari uku ba.

Malaman zaure suna da nasu kacici-kacicin, wanda suke gwada manyan almajirai da shi. Muƙamatul Hariri, littafin malamin Basra da ya rasu a 1122, wanda duk mai neman zurfi a Larabci a ƙasar Hausa yake bi ta kansa, cike yake da su. A muƙama ta 15 an kawo mas'alar mutumin da ya rasu ya bar ɗan'uwansa shaƙiƙi, Musulmi, ɗa ba bawa ba, ba abin da ya hana shi gado. Matar mamacin ta karɓi rabonta, sauran dukiyar kaf ta tafi ga ɗan'uwan matar, shaƙiƙin bai sami ko anini ba. Ta yaya? Mamacin ya aurar wa ɗansa uwar matarsa, wato surukarsa. Suka haifi ɗa namiji, sannan ɗan mamacin ya riga shi rasuwa. Yaron nan jikan mamaci ne ta wajen ɗa, kuma ɗan'uwan matarsa ne ta wajen uwa. Mata ta ɗauki sumuni, jika ya kwashe saura, ya kange shaƙiƙi. Almajirin da ya warware wannan da kansa ya riƙe babin hajabu, wato kange magaji, riƙon da hadda kaɗai ba za ta ba shi ba. Haka ma labarin raƙuma 17 da ake dangantawa ga Sayyadina Aliyu, inda za a ba wani rabi, wani sulusi, wani ɗaya bisa tara, ba a yanka ko ɗaya ba. A ara raƙumi guda su zama 18, a ba da 9 da 6 da 2, na aro ya koma wa mai shi. Almajiri mai kaifi zai tambaya me ya sa hakan ya yiwu, sai ya gano cewa kason ukun tun asali ba su cika dukiyar ba, kashi 17 ne cikin 18.

Akwai kuma wadda ba wanda zai ce tasa ce. Mutum ya zo bakin gulbi da kura da akuya da damin harawa, kwalekwalen ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya. Ya bar kura da akuya, ta cinye ta. Ya bar akuya da harawa, ta cinye. Ƙetarawa bakwai ce mafita, sirrinta kuma yarda a komo da akuya baya bayan an riga an kai ta. An sami irin wannan tambaya a wani kundin Latin na wajen shekarar 800 da ake dangantawa ga Alkuwin, malamin fadar Sarki Shalaman, da kyarkeci da akuya da kabeji. Masu bincike sun tarar da 'yan'uwanta a sassan Afirka da dama, kowace ƙasa da dabbobinta.

Shigar waɗannan abubuwa takardar boko ta faro ne da Turawan mulki. Merrick ya sa kacici-kacici a littafinsa na karin magana a 1905. Frank Edgar, wanda ya yi aiki a Lardin Sakkwato, lardin da Gusau take ciki a lokacin, ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Malamai ne suka rubuta kayan da ajami, shi ya mayar boko, sunansa ne kuma a bango. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, Gusau kuwa tana kan layin jirgin Zariya. A 1971 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, abin dandali ya shiga aji. Rediyo ta ɗauka, makarantu suka mayar da shi gasa, yau kuma ga shi a waya, ana tura hoton ashana ko jerin lambobi ta WhatsApp a ce mai basira ya faɗa. Ba na raina na waya, yana tara matasan Sabon Gari a shagon caji da teburin mai shayi suna gardama, gardamar kuwa ita ce ran abin. Illarsa ɗaya, amsar tana nan ƙasa kaɗan, da yatsa ake jawo ta, ba wanda ya ba da gari.

Babbar asarar tana ƙauye. Dandali yana buƙatar daren da uwa za ta bar ɗanta ya fita hankalinta kwance. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga sun hana ƙauyuka da yawa na Tsafe da Bungudu irin wannan dare. Garuruwa sun tashi, mutanensu sun kwararo Gusau, suna raɓe a kangaye da gidajen 'yan'uwa. Cikinsu akwai tsofaffin mata da ke ɗauke da kacici-kacici da karin harshen Zamfara, irin wanda Edgar bai ji ba, Ibrahim Yaro bai rubuta ba, jikokinsu kuma ba su sami dandalin da za su karɓa ba. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana koyar da Hausa, haka ma kwalejin ilimi ta Maru. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibinsu tana ɗaukar murya. Ya kamata a tura su su zauna gaban waɗannan iyaye, su ɗauki tambaya da amsa, su rubuta sunan wadda ta faɗa da sunan ƙauyen da aka koro ta daga ciki.