Shirin ciyar da ɗaliban firamare a Najeriya: asalinsa, tsarinsa da matsalolinsa

Shirin ciyar da ɗalibai da abincin da aka noma a gida shiri ne na Gwamnatin Tarayya da aka tsara domin ba yaran aji ɗaya zuwa aji uku na makarantun firamaren gwamnati dafaffen abinci sau ɗaya a kowace ranar karatu. An ƙaddamar da shi a watan Yunin 2016 a cikin shirye-shiryen tallafa wa al'umma na gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari, tare da N-Power, da bayar da kuɗi ga gidaje matalauta, da rance ga ƙananan 'yan kasuwa. Manufofinsa huɗu ne: ƙara yawan yaran da ke shiga makaranta, inganta lafiyarsu, buɗe wa ƙananan manoma kasuwa, da samar wa mata aikin girki.

Dalilin kafa shi

Matsaloli biyu ne suka sa ake bukatar shirin. Ta farko ita ce rashin zuwa makaranta. Asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 10.5 masu shekara 5 zuwa 14 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Ta biyu ita ce tamowa. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya haura rabi.

Abincin makaranta ba ya warkar da tsumburewar da ta kama yaro tun yana goye. Amfaninsa shi ne kore yunwar da ke hana yaro natsuwa a aji, da rage wa iyaye nauyin ciyarwa, ta yadda za su ga tura yaro makaranta ya fi masu riba a kan tura shi talla ko gona.

Tarihi

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta lissafa abincin rana kyauta a cikin abubuwan da ya kamata ɗalibi ya samu, tare da littattafai da ajujuwa da kujeru. A 2005 gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta fara gwaji a jihohi 12 da Babban Birnin Tarayya, bisa kiran da shirin NEPAD ya yi wa ƙasashen Afirka cewa su ciyar da ɗalibai da amfanin gonakinsu. Cikin 'yan shekaru gwajin ya tsaya a kusan ko'ina, in ban da Jihar Osun da ta ci gaba da kuɗinta. A 2012 Gwamna Rauf Aregbesola ya sabunta shirin jihar da sunan O-MEALS, kuma daga tsarinsa aka ɗauki da yawa daga abin da Gwamnatin Tarayya ta yi daga baya.

A Arewa ma an yi irin wannan ƙoƙari. Jihar Kano ta ciyar da ɗaliban firamare a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso. Jihar Kaduna ta fara nata a Janairun 2016 a ƙarƙashin Gwamna Nasir El-Rufa'i, inda ajujuwa suka cika maƙil cikin ɗan lokaci, amma kuɗin da shirin ke ci ya fi ƙarfin jihar, aka dakatar da shi.

Na tarayya kuwa, ofishin Mataimakin Shugaban Ƙasa Farfesa Yemi Osinbajo ne ya fara kula da shi, kuma a Jihar Anambra aka soma rabon abinci a ƙarshen 2016. A 2019 aka mayar da shi sabuwar Ma'aikatar Jinƙai da Sadiya Umar Farouq ke jagoranta a lokacin.

Yadda aka tsara shi

Gwamnatin Tarayya ce ke biyan kuɗin abincin aji ɗaya zuwa uku, aka bar wa jihohin da ke da hali su ɗauki aji huɗu zuwa shida. Jiha ce ke tantance makarantu da yawan ɗalibai, ta ɗebi masu girki daga unguwar da makarantar take, a duba lafiyarsu, a ba su horo kan tsafta. Kuɗin girki na shiga asusun bankin kowace mai girki kai-tsaye gwargwadon yawan yaran da aka ba ta. Ƙwai da nama da kifi kuwa sau da yawa 'yan kwangila ne ke tattarowa su raba.

Kowace jiha na da jadawalin abincinta bisa abin da ake nomawa a yankin: shinkafa da wake, faten doya, alale, dankali, ƙwai ko nama a wasu ranaku. Sharaɗin sayen kayan gida shi ne ginshiƙin shirin, domin kuɗin abincin ya koma aljihun manomi da mai kiwon kaji na kusa.

An fara da Naira 70 a kan kowane yaro a rana, aka ƙara zuwa Naira 100 a 2022. A lokacin da shirin ya fi bunƙasa, gwamnati ta ce yana ciyar da yara sama da miliyan 9 a makarantu fiye da 50,000, da masu girki sama da 100,000.

Matsaloli

Babbar matsalar ita ce kuɗin da aka yanka wa kowane yaro ba ya tafiya da farashin kasuwa. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kusan kashi 40 cikin 100, ƙwai ɗaya ya haura Naira 100. Idan kuɗi ya gaza, mai girki ba ta da zaɓi sai rage yawan abinci ko cire nama da ƙwai, waɗanda su ne ke gina jiki.

Ta biyu ita ce jinkirin biya. Mai girki ba ta da jarin da za ta ciyar da yara ɗari da aljihunta, don haka duk makon da kuɗi bai shiga ba, tukunya ba ta hawa wuta. A wurare da dama malamai sun lura cewa zuwan yara na raguwa da zarar abinci ya yanke, wasu yaran kuma kan fice da sun ci.

Ta uku ita ce ƙididdiga da amana. An sha yin ƙorafi kan sunayen makarantu da ɗalibai na bogi. A watan Mayun 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda annobar korona, ma'aikatar ta raba ɗanyen abinci ga iyaye a Abuja da Legas da Ogun, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce kan yadda aka gano gidajen. A Janairun 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya dakatar da duk shirye-shiryen Hukumar NSIPA, har da ciyar da ɗalibai, domin binciken zargin almundahana, bayan dakatar da Ministar Jinƙai Betta Edu.

Akwai kuma yaran da shirin bai shafa ba tun farko: 'yan aji huɗu zuwa shida a mafi yawan jihohi, almajiran tsangayu, da yaran ƙauyukan da rashin tsaro ya rufe makarantunsu.

A wasu ƙasashe

Hukumar Abinci ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 418 ne ke samun abincin makaranta a duniya a 2022. Ghana ta fara nata shirin a 2005, shekarar da Najeriya ta fara gwaji, kuma yana nan har yanzu duk da jinkirin biyan masu girki. A Brazil, dokar 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin makaranta da gwamnatin tarayya ke bayarwa wajen saye daga ƙananan manoma. A Indiya, umarnin Kotun Ƙoli na 2001 ne ya tilasta wa jihohi bayar da dafaffen abinci. Tarayyar Afirka ta ware ranar 1 ga Maris a matsayin ranar ciyar da ɗalibai, kuma a Yamai aka yi bikin farko a 2016.

Abin da Brazil da Indiya suka yi tarayya a kai shi ne abincin ya zama haƙƙin ɗalibi da doka ko kotu ke karewa, da kason kuɗi da ba ya yankewa idan gwamnati ta sauya. A Najeriya dokar 2004 ta ambaci abincin, amma ɗorewarsa ta dogara ne ga kasafin kowace shekara da kuma sakin kuɗin a kan lokaci.