Shiga da Fita: Tarihin Ƙidayar Ɗalibai a Sakkwato

Duk wanda ya bi ta Gawon Nama da hantsi zai ga samari da 'yan mata sanye da fararen riguna suna shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Waɗannan su ne ɗaliban aikin likita, watau ragowar waɗanda suka tsallake siraɗi bayan siraɗi tun daga firamare. Mai kallo yana iya ƙirga su. Waɗanda suka taso tare da su amma suka zube a hanya kuwa, babu mai ganinsu a ƙofar asibitin. Tarihin ilmin boko a Sakkwato, in an dube shi da kyau, tarihi ne na tazarar da ke tsakanin masu shiga makaranta da masu fita da takardar shaida.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Shekara biyu bayan haka, a 1905, Razdan Burdon ya buɗe makaranta domin 'ya'yan sarakuna, wadda ita ce tushen Kwalejin Nagarta ta yau. Matsalar wancan zamani ita ce samun yaran da za a zuba a aji. Garin da ya yi shekara ɗari yana taƙama da malamai da littattafai bai ga dalilin miƙa 'ya'yansa ga wanda ya zo da bindiga ba, kuma ba za a ce mutanen ba su da hujja ba. A wurare da yawa na ƙasar Hausa, in an matsa wa basarake ya kawo ɗa, sai ya tura ɗan baransa. Yaron da aka kawo da ƙarfi kuwa, da ya sami sarari sai ya gudu. Saboda haka malamin makaranta ya zama rabi mai koyarwa, rabi makiyayi.

'Yan kaɗan da suka daure su ne aka tace aka kai Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921. Ahmadu Bello ya shiga can a 1926, ya gama a 1931. Shehu Shagari ya bi ta makarantar Midil ta Sakkwato, sa'an nan ya wuce Kwalejin Kaduna. Ƙofar ta yi ƙunci ƙwarai, har ya zama kusan kowa ya san kowa, kuma da wannan ɗan ƙaramin adadi aka tari mulkin kai a 1960.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka ba Shehu Galadanci shugabancinta. An fara karatu ran 20 ga Oktoba 1977 a mazaunin wucin gadi da ke kan titin Sultan Abubakar, da ɗalibai 93 masu neman digiri da malamai 33. Watau kowane malami bai kai ga ɗalibi uku ba, abin da malamin yau, mai fama da ɗaruruwa a zaure guda, zai ɗauka tatsuniya ce. A watan Janairu na 1978 aka ɗauki wasu 102 domin karatun share fage na shekara biyu. Ya kamata a tsaya a kan wannan adadi. 'Yan share fage sun fi 'yan digiri yawa, domin makarantun sakandare na yankin ba su fitar da isassun yara masu cikakkiyar takarda ba. Dole jami'a ta sunkuya ta yi aikin da ya kamata a ce an gama shi a ƙasa. Wasu sun raina wannan tsari, suna ganin saukar da daraja ne, amma ba don shi ba da jami'ar ta zauna a Sakkwato tana koyar da 'ya'yan wasu wurare kaɗai.

Ran 22 ga Nuwamba 1980 aka yi bikin yaye ɗalibai na farko, mutum 72 suka karɓi digiri. In aka gwada 72 da 93, an sami kimanin kashi 77 cikin ɗari, kuma wannan ba abin kunya ba ne ga jaririyar jami'a. Sai dai lissafi irin wannan yana da yaudara, gama yana cusa mutane iri iri a buhu ɗaya: wanda ya maimaita aji ya fita baɗi, da wanda ya koma wata jami'a, da wanda jarrabawa ta kora, da wanda rashin lafiya ko mutuwar uba ta mayar gida. Ma'aikacin da ke tsara kasafin ilmi yana bukatar ya rarrabe su, domin maganin kowanne daban ne.

Daga nan al'amari ya juya. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu, an kafa hukumar JAMB a 1978, masu neman gurbi suka ninka guraben. Jami'ar da aka buɗe tana cigiyar ɗalibai, wadda aka sauya wa suna zuwa Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta koma tana mayar da su gida. Riƙe wanda aka ɗauka kuma ya ƙara wuya. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye rangwamen abinci a jami'o'in tarayya, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, ɗan talaka ya shiga karatu da yunwa. Ga yajin aikin malamai: na 2020 ya ci wata tara, na 2022 wata takwas. Namiji yakan kama sana'a a lokacin zaman jira, wani ba ya dawowa. Mace kuwa sau da yawa aure ne ke tarar da ita, in ba ta dace da miji mai fahimta ba karatun ya tsaya ke nan.

A Gawon Nama tacewar ta fi ko'ina tsanani. An kafa asibitin koyarwa a 1980, ya tare a wannan mazauni a 1989. Karatun likita shekara shida ne in babu tangarɗa, kuma hukumar kula da aikin likita ta ƙasa ce ke ƙayyade adadin da kowace makaranta za ta horar, gwargwadon gadajen asibiti da malamanta. Babbar jarrabawar da ake yi kafin a shiga ɗakin majinyata ita ce mashigi mafi haɗari. Wanda ya kasa tsallake ta bayan damar da aka ba shi, sai a mayar da shi wani sashe ko a sallame shi. A littafin jami'a, wanda ya koma wani sashe ya gama ana lissafa shi cikin waɗanda suka fita lafiya, ko da yake asibitocin Illela da Tambuwal sun yi rashin likita guda. Wanda ya gama ɗin ma, bayan shekarar gwaji da ta bautar ƙasa, Abuja da Saudiyya da Ingila suna jiransa da albashin da jiha ba ta iya biya.