Yadda Aka Fara Farautar Ragowar Magani a Abinci da Lantarki

Masu yin cuku a Turai da Amurka na cikin waɗanda suka fara ganin alamar matsalar. A ƙarshen shekarun 1940 manoma sun rungumi fenisilin don maganin ciwon hantsa, sai aka wayi gari madarar wasu shanu ta ƙi yin barci. Ashe maganin ne ke biyo nono, yana kashe ƙwayoyin da ke sa shi tsami. A 1950 kuma Thomas Jukes da Robert Stokstad suka bayyana cewa ɗan maganin Aureomycin a abincin kaji na sa su saurin girma. Daga nan magani ya shiga abincin dabbobi na yau da kullum, ragowarsa ta bi nama da ƙwai.

Gwajin farko daga darasin masu cuku aka ciro shi: a haɗa madara da ƙwayoyin bakteriya, in sun kasa yaɗuwa, to akwai magani. Haka Delvotest, da aka ƙera a birnin Delft na Holan a shekarun 1970, yake aiki. In launin kwalbar ya koma rawaya, madara lafiya lau. In ya tsaya shunayya, a zubar. Sai dai a jira kusan awa uku, kuma ba ya faɗin wane magani ne. Manyan na'urorin ɗakin gwaji suna faɗa, amma ga tsada, ga buƙatar ƙwararru.

Ita hanyar lantarki tushenta daban. A 1922, a birnin Prague, Jaroslav Heyrovský ya riƙa tura wuta cikin ruwa ta kan ɗigon zaiba, ya nuna cewa kowane sinadari yana da matakin ƙarfin wuta da yake amsawa, yawan wutar da ta gudana kuma yana nuna yawansa. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1959. A 1962 Leland Clark da Champ Lyons suka kawo dabarar ɗora sinadarin halitta a bakin sandar lantarki don ta tsinci abu guda tak. A 1987 aka fitar da ExacTech, na'urar gwajin suga mai ɗan tsinken roba da aka buga wa layukan lantarki. Wannan tsinke masana abinci suka ara. Suna shafa masa abin da ke damƙe magani, kamar aftama, guntayen DNA ko RNA da aka fara ƙerawa a 1990. A ɗiga madara, maganin ya maƙale, wuta ta sauya, lamba ta fito.

Abin da ya ƙara zaburar da bincike shi ne rikicin 2002, lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da zuma da jatan lande daga Sin saboda ragowar kuloramfenikol, maganin da kan iya lalata ɓargo.

Har yanzu da sauran aiki. Maiƙon madara na toshe fuskar tsinken, kuma hukuma ba ta yanke hukunci sai ɗakin gwaji ya tabbatar. Amma a ƙasar Hausa, inda makiyayi kan sayi allura a kasuwa ya yi wa saniya da kansa, washegari a tatsi nononta, gwaji mai araha a wurin tara madara shi ne zai kare mai sha, ya kuma hana ƙwayoyin cuta sabawa da magungunan da muke dogaro da su a asibiti.