Nono nawa jariri ke buƙata kafin ranar suna?

A Unguwar Sanusi, kamar sauran unguwannin Kaduna, mai jego kan dawo gida daga asibiti ta tarar da tambaya ɗaya na jiranta a bakin 'yan barka: ruwan nonon ya zo kuwa? Idan aka ga ɗan ɗigo ne ke fitowa, sai hankali ya tashi, a nemo ruwan ɗumi ko zuma ko madarar gwangwani.

Ɗigon nan shi ne dakashi, nonon farko mai kauri da launin rawaya, wanda a wasu gidaje har yanzu ake matsewa a zubar bisa zaton gurɓatacce ne. Alhali shi ke ɗauke da sinadaran kariya daga cututtuka, kuma ƙarancinsa daidai yake da cikin jariri. A ranar farko, jariri kan sha mililita 2 zuwa 10 a kowace kamawa, wato bai wuce cokalin shayi biyu ba. A rana ta biyu yakan kai 5 zuwa 15, a ta uku 15 zuwa 30, a ta huɗu kuwa, lokacin da nono ya kawo sosai, 30 zuwa 60. Yawan tsotso ne ke kawo nonon, shi ya sa ake son a ba shi aƙalla sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Duk abin da aka ɗura masa yana rage tsotson. Zuma ma haɗari ce ga yaron da bai shekara ba.

Tunda ba a iya auna abin da ya sha, kunzugu ake dubawa. Zuwa rana ta biyar ya kamata ya riƙa jiƙa aƙalla shida a kullum, baƙin kashinsa na farko ya koma rawaya. 'Yar ramar kwanakin farko ba abin tsoro ba ce, yakan mayar da nauyinsa cikin mako biyu. Amma jaririn da ya ƙi kama nono, ko barci ya rinjaye shi, ko idanunsa suka yi rawaya, a garzaya da shi asibiti, kamar na Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa jariri a nono cikin sa'ar farko, a ci gaba da nono zalla har wata shida. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun haka. Gwamnatin Kaduna ta amince da hutun haihuwa na wata shida ga ma'aikatanta mata a zamanin Nasir El-Rufa'i, sai dai hutun bai shafi mai ɗinki ko mai tuyar ƙosai ba.